A yi maganar kwatance tun kafin a zuba kwalta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in sa baki a maganar da ake ta yi, ta ware wa masu keke da masu tafiya a ƙasa hanyarsu a manyan biranenmu. Duk wanda na ji ya yi magana, a kan faɗin hanya yake tsayawa, da kwalta, da magudanar ruwa, da nawa za a kashe. Har yanzu ban ji wanda ya tambayi yadda mutum zai san hanyar tana nan ba, ta ina ake shigarta, ina ta nufa, in ya gaji kuma ta ina zai fita. A ganina wannan shi ne rabin aikin, kuma shi ake bar wa ɗan kwangila ya ƙarasa a gurguje ana jibi bikin buɗewa.

Ni Bakano ne. Ina saurayi na koyi rubutun alluna a wajen wani maigidana a Fagge, irin na shaguna da na bayan manyan motoci. Yanzu ina zaune a unguwar Easton a birnin Bristol na Ingila, ina aikin kula da tsofaffi, kuma da keke nake zuwa wajen aiki. Saboda haka maganata ta mai fenti ce da mai taka feda, injiniyoyi su yi mini afuwa.

Hanyar da nake bi tsohon layin dogo ne tsakanin Bristol da Bath, mil 13, wato kimanin kilomita 21. An daina ɗaukar fasinja a layin a 1966, ciyawa ta cinye shi. A 1977 wasu mutanen Bristol, cikinsu har da wani injiniya John Grimshaw, suka kafa 'yar ƙungiyar masu keke mai suna Cyclebag, wadda daga baya ta koma Sustrans. Daga 1979 zuwa 1986 suka bi layin suna shimfiɗa hanya, kuma sashen farko, tsakanin Bitton da Bath, 'yan sa-kai ne suka yi shi da guminsu. Ba mota, ba babur. A 2008 aka kawo shawarar a ratsa da motocin bas ta cikinta, mutanen gari suka yi caa, dole aka janye. Mutane ba sa tashi tsaye haka a kan hanyar da ba su san sunanta da kamanninta ba.

Tambarin hanyar ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Shuɗin allo, farin hoton keke, sai lamba 4 fara a cikin ɗan jan akwati. Shi ke nan. Lambar na nufin hanya ta 4 a jerin hanyoyin keke na ƙasa da aka fara haɗawa a 1995, kuma ita wannan ta 4 daga Landan ta taso, ba ta tsaya ba sai Fishguard a bakin tekun Wales. Wani wuri allon ƙarfe ne sosai, wani wuri sitika ce da ba ta fi tafin hannu ba manne a jikin turken fitila. Amma shuɗin ɗaya ne, jan ɗaya ne, zubin lambar ɗaya ne. Kafin mako ya zagayo idonka ya koyi tsinto jan akwatin nan a cikin tarin allunan talla ba tare da ka karanta komai ba. Mu masu fenti muna da wata cuta, kowa so yake ya nuna gwanintar hannunsa, ya lanƙwasa baƙi, ya yi masa inuwa, ya ƙara fure a kusurwa. A allon shago wannan ado ne. A allon hanya ɓata wa matafiyi lokaci ne.

Abin da ya fi burge ni game da tambarin nan ya faru ne a ofis. Ma'aunin da ƙungiyar Sustrans, mai kula da jerin hanyoyin, ta ɗora wa kanta shi ne, duk hanyar da ke ɗauke da jan akwatin nan ta zama yaro mai hankali ɗan shekara 12 zai iya binta shi kaɗai. A 2018 suka fitar da sakamakon binciken da suka yi wa hanyoyin nasu kaf, suka faɗa da bakinsu cewa da yawa ba su kai ba, domin wasu a kan titin da motoci ke sheƙa gudu suke. A 2020 suka cire kusan kashi ɗaya cikin huɗu daga jerin. Ka ji fa, Malam Edita, hukuma ta rage tsawon abin da take alfahari da shi da hannunta. Sun gane cewa uwar da ta ga alamar ta saki ɗanta, alamar ta amince wa. In aka ci amanarta sau ɗaya, duk sauran allunan sun zama ƙarfen banza.

Sai maganar inda ake kafa allo, wadda nan ne na fi ganin ana tafka kuskure a ko'ina. Mai tafiya a ƙasa yana iya tsayawa ya karanta taswira, ya bi layi da ɗan yatsa. Mai keke ƙiftawar ido gare shi, hannunsa a kan birki, idonsa rabi a kan yaron da ke gabansa. Allo ɗaya ba zai yi musu aiki su biyun ba. Mai keke yana son a gaya masa tun kafin ya iso mararraba, da manyan baƙaƙe, suna biyu ko uku da kibiya. A mararrabar kanta a maimaita. Sannan akwai na uku, wanda aka fi mantawa da shi alhali shi ya fi araha: 'yar alama bayan an sha kwana, wadda ba ta ce komai sai dai ta nuna maka kana kan hanya. Duk wanda ya taɓa juyawa a baƙon wuri ya yi tafiyar minti biyar zuciyarsa na raya masa ya ɓata, ya san darajar wannan 'yar sitika. Kuma sunan da aka rubuta a allon farko, dole a ci gaba da rubuta shi har a kai mutum wurin. Babu abin da ya kai ɓacin rai kamar allon da ya ce maka Bath na gaba, na biye da shi ya manta da Bath ya kama zancen wani ƙauye.

Hanyar da aka yi a kan tsohon layin dogo tana da wata matsala tata ta daban. Jirgin ƙasa ba ya son hawa da gangara, don haka magina suka yanka tudu suka cike kwari. Sakamakon haka wani wuri kana tafiya a cikin rami, bishiyoyi dama da hagu, unguwa na can samanka ba ka ganinta, wani wurin kuma kana sama kana kallon rufin gidaje. Za ka iya wuce titin gidan abokinka ta ƙarƙashin gada ba ka sani ba. A irin wannan hanya, allon da ke bakin mafita, mai sunan titin da za ka ɓulla, ya fi allon da ke gaya maka saura mil nawa amfani. Haka kuma daga waje: mashiga da yawa 'yan lunguna ne tsakanin gidaje biyu, wanda bai sani ba zai shekara a unguwar yana wucewa ta gabansu. Mafi yawan masu bin hanyar nan ba Bath za su ba. Yara ne masu zuwa makaranta, mata masu tura keken jarirai zuwa kanti, dattawan Somaliya da na Pakistan masu zuwa masallaci a wajen titin St Mark's. Tafiyar minti goma suke yi su fita. Wanda ya tsara alluna yana tunanin mai tafiyar mil 13 kawai, ya manta da masu hanyar na ainihi.

Amma in gaya maka gaskiya, in baƙo ya zo mini ina yi masa kwatance, ba na ambaton allo ko ɗaya. Cewa nake yi, ka miƙe har ka ga wani ƙaton kifi na bulo da ya kafa kai a ƙasa, to ka zo Fishponds. Ka ci gaba za ka shiga wani dogon rami mai fitilu, kusan rabin kilomita, ruwa na ɗiga, wannan Staple Hill ke nan. Gaba kaɗan akwai kangon tsohuwar tashar Mangotsfield, a nan hanya ta rabu, ka kula. Sai Warmley inda aka mai da ɗakin jiran fasinja wajen shan shayi, sai Bitton inda har yanzu ake tayar da tsohon jirgi mai hayaƙi don 'yan yawon buɗe ido. Waɗansu daga cikin abubuwan nan gado aka yi daga zamanin jirgi, waɗansu kuma, kamar kifin, da gangan aka sa masu sassaƙa suka yi su. Da farko na ɗauka ado ne kawai na mutanen da kuɗi ya yi wa yawa. Amma yaron da bai iya karatu ba ya san kifin, kuma ruwan sama ba ya goge shi.

Ashe ma abin da muke yi a gida ke nan tun kaka da kakanni: bayan gidan mai, daura da masallacin Juma'a, gindin tsamiya. Wani malamin tsara birane ɗan Amurka, Kevin Lynch, ya taɓa sa mutanen Boston da Jersey City da Los Angeles su zana masa garuruwansu da ka, ya wallafa abin da ya samu a 1960. Ya ga mutane da abu biyar suke riƙe gari a ƙwaƙwalwa: hanyoyi, iyakoki, unguwanni, mahaɗu, da fitattun abubuwan da ake hangowa. A kan wannan tunani majalisar birnin Bristol ta fara wani shiri a 1996 na sa gari ya zama mai saukin ganewa, allunan suka fara fitowa a tsakiyar gari a 2001. Dabararsu da ta fi shiga raina ita ce juya taswira. Taswirar makaranta kullum arewa ce a sama. Tasu kuwa, duk inda ka fuskanta shi ne sama: abin da ke damanka a titi yana damanka a allo, kuma manyan gine-gine an zana su da siffarsu yadda za ka ɗaga kai ka gane su. Ba sai ka karkata wuya kana lissafin ina gabas take ba.

Landan ta ɗauki darasin. Da aka bincika tsakiyar birnin, sai aka tarar da tsarin allunan masu tafiya a ƙasa har iri 32, kowace hukuma da nata. A 2007 suka gwada sabon tsari guda da alluna 19 a wajen Bond Street, masu rawayan kai da hoton mutum yana tafiya, kowanne da da'ira biyu a taswirarsa, ta tafiyar minti 5 da ta minti 15. Dalili kuwa, mutane sun saba auna garin da taswirar jirgin ƙarƙashin ƙasa, har baƙo ya sayi tikiti daga Leicester Square zuwa Covent Garden, tazarar da ba ta kai mita 300 ba. Ka ce wa mutum mita 800, sai ya tsayar da abin hawa. Ka ce masa minti goma, sai ya ce ai nan da nan ne. Mu ma da lokaci muke auna tafiya, ba da kilomita ba.

Na san wani zai ce duk wannan wahalar Turawa ce, mu a wajenmu matambayi ba ya ɓata. Gaskiya ne, kuma ina kewar wannan hali namu, domin a nan sai ka tsayar da mutum uku kafin ɗaya ya cire abin kunnensa ya saurare ka. Amma a tuna da waɗanda tambayar ke yi wa nauyi. Budurwar da ba ta son tsayawa gaban majalisar samari ta nuna ita baƙuwa ce. Kurma. Ɗan kasuwar da ya zo daga Agadas ko Kumasi da dare. Mai keken da in ya tsaya a kowace kwana gara ma ya tafi a ƙasa. Sannan mai amsa tambayar, don kada a ce bai sani ba, sau nawa yake tura mutum inda ba nan ba?

Wani kuma zai ce mutanenmu da yawa ba sa karanta boko. Wannan ma an riga mu cin karo da shi. Da za a buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin Meziko a 1969, mai zane Lance Wyman ya ba kowace tasha hotonta, tashar Chapultepec hoton fara ne, don wanda bai iya karatu ba ya san inda zai sauka. A Limburg ta ƙasar Beljiyam, wani injiniyan haƙar ma'adinai Hugo Bollen ya kawo dabarar ba kowace mahaɗar hanyar keke lamba, aka fara a 1995, ta bazu har Holan. Mutum sai ya rubuta lambobin da zai bi a 'yar takarda ya manna a kan kekensa, ba ruwansa da sunan ƙauyen da ba zai iya furtawa ba. Ba sai mun je nesa ba ma. Tambayi duk Hajiyar da ta sauke farali, ko ba ta taɓa shiga aji ba, za ta gaya maka ta ƙofa mai lamba kaza take shiga Harami. Ƙofar Sarki Abdul'aziz ita ce 1, ta Sarki Fahad 79. Lamba da launi da hoto, tsohuwa tana riƙe su tsaf.

Wannan ne ya sa duk sanda na tuna Kano nake jin takaici, domin abin da Bristol ta biya masu sassaƙa su ƙirƙira, mu gadonsa muka yi. Ganuwar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, wadda tun 2007 ke cikin jerin wuraren da ke jiran hukumar UNESCO ta sa su cikin wuraren tarihi na duniya, ga ta nan ana ta cinye ta da gine-gine. In da za a yi hanyar keke da ta ƙafa a gefen abin da ya rage, ba a bukatar kwamitin raɗa suna. Daga Ƙofar Nasarawa zuwa Sabuwar Ƙofa, Ɗan'agundi, Na'isa, Gadon Ƙaya, Famfo, Dukawuya, har Kabuga, kowane yaro ya san su, kowane mai A Daidaita Sahu da su yake kiran fasinja. A ba kowace ƙofa lamba da hoto, a rubuta sunanta da boko da ajami, a ƙasa a ce minti nawa ne zuwa ta gaba a ƙafa, nawa a keke. A nuna inda ruwan sha yake, da masallaci, da mai faci, da inda inuwa take, domin a watan Afrilu inuwa ta fi komai. Taswirar kuma a zana mata Dala da Goron Dutse, tunda su ake hangowa.

Ina roƙon abu biyu a kan sunan hanyar da fuskar allon. Kada a sa mata sunan wanda ke kan mulki, kada kuma a sa hotonsa. Na ga alluna da yawa da fuskar mai girma ta cinye kashi uku, kibiyar da matafiyi ke nema tana can ƙasa kamar an yi mata alfarma. In gwamnati ta sauya, sabuwa ta zo da launin jam'iyyarta ta shafe, ido ya koma koyon sabon abu daga farko. A zaɓi launin da ba na kowace jam'iyya ba. Ni da za a tambaye ni, shuɗin baba na marinar Ƙofar Mata zan ce, da farin rubutu, domin ana hango shi daga nesa kuma namu ne.

Sauran shawarar ta masu sana'a ce. Jan fenti shi ke fara koɗewa a ranarmu, kada a ɗora muhimmin bayani a kansa. Allon ƙarfe mai kyau ba ya kwana biyu 'yan jari-bola ba su gan shi ba, don haka turken siminti da aka zana rubutun a jikinsa tun yana ɗanye ya fi, ko a yi alamar a ƙasa a kan hanyar kanta. Duk fili mai santsi kuwa, lokacin zaɓe fosta za ta rufe shi a dare ɗaya, saboda haka a yi wa gefen turken gurza-gurza yadda gam ba zai kama ba. A nan Ingila 'yan sa-kai ne ke raba hanyoyin a tsakaninsu, kowa da sashensa, yana goge allo, yana sare reshen da ya rufe shi, yana mayar da sitikar da ta ɓare. A wajenmu masu unguwanni da ƙungiyoyin matasa za su iya riƙe wannan, in an sa su a ciki tun farko kuma an ware kuɗin fenti na kowace shekara a kasafi.

Akwai tarko guda da nake so a kauce masa. Ranar da aka buɗe hanyar, masu babur za su shigo, sai a ce a kafa shingen ƙarfe a kowace mashiga. An yi haka a nan shekara da shekaru, sai a 2018 Sustrans ta ɗauki alkawarin cirewa ko gyara shinge 16,000 a hanyoyinta, domin shingen da ya tare babur ya tare keken guragu, ya tare keken jarirai. A Kano sai ka ƙara da kurar mai ruwa. Turaku masu tazarar da keken guragu zai wuce a sake, da mutanen unguwa masu tsawatarwa, sun fi kejin ƙarfe.

Ga abin da nake nema daga duk hukumar da za ta yi irin wannan aiki, a Kano ne ko a wani gari. Kafin a zana allo ko ɗaya, mai zanen ya bar ofis. Ya samo tsohuwa, da ɗan firamare, da mai keken guragu, da baƙon da bai taɓa zuwa garin ba, ya gaya musu inda za su je, ya bi bayansu da littafi bakinsa a rufe. Duk inda suka tsaya suna waige-waige, ya sa alama, nan allo zai tsaya. Duk sunan da suka kira wuri da shi, shi za a rubuta, ko da ya saɓa da na takardar ma'aikata. A sake yin haka da magariba, lokacin da haske ya ragu. Sannan a gwada da allunan katako na wata biyu ko uku kafin a zuba siminti.

Na gode da wannan fili. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Mai karatunku daga Easton, Bristol, Ingila